Kaskon da Aka Manta a Matakala

Aga Yadulla ya rasu da kaka, ya bar wa matarsa Akdas Hanum gidansu na Hamadan a ƙasar Iran, da tsohon keke, da wasu kasake cike da ganye a matakalar da ke hawa saman rufi. Keken ta bayar sadaka. Kasaken ne suka tsaya mata a rai.

Sinare ne, furen nan da ke cika kasuwa idan Nauruz, bikin sabuwar shekararsu, ya gabato. Masu hankali sukan saye shi ya riga ya buɗe, su yi ado da shi kwanakin sabuwar shekara, ya bushe su jefar. Aga Yadulla ba ya cikin masu hankalin. Shi tun ƙarshen zafi yake barbaɗa irin da ya tsinta daga furen bara, iri kamar ƙura, ya yi ta lallaɓa shi har sanyi ya wuce. Duk shekara kuma idan ta ce, "Aga, bana wane launi ka shuka?" sai ya yi murmushin nan nasa mai ƙular da mutum ya ce, "Hanum, gaggawar me kike yi?" Tun suna da baƙin gashi har furfura bai taɓa ba ta amsa ba. Yanzu ga shi ya tafi da amsar, kuma abin ya ba ta haushi fiye da yadda ya dace da mai takaba. Ta ƙudura a ranta sai ta ga launin wannan shuka tasa ta ƙarshe.

Bayan sadakar arba'in dusar ƙanƙara ta sauka. Wata safiya ta hau matakalar ɗauko kwalbar tafarnuwa mai tsami, sanyi ya ratsa ta har ƙashi. Ta dubi kasaken, tausayi ya kama ta. Ita ce fa ta hana shi kawo mata ƙasa kan darduma, a ganinta shi ya sa bayin Allah suke kwana a wannan wuri. Ta kwashe su a faranti ta kai ɗakin baƙi, ta jera su can ƙurya inda manya ke zama, dab da murhun gas. Ai ba a barin baƙo a bakin ƙofa.

Ta shiga ba su ruwa safe da yamma. Da ganyen ya fara langaɓewa sai ta ƙara, don baƙo idan ya nuna ya ƙoshi kowa ya san kara ce, sai a ƙara masa.

Ana haka Ismat, yayar marigayin, ta zo duba ta. Ta tsaya ta ƙare wa kasaken kallo.

"Akdas, kabeji kike dafawa ba tukunya?"

"Sanyi ne ya kama su, Yaya."

"Wane sanyi? Ni daga shigowata har na jiƙe da gumi. Ki kwashe su ki zubar. Ko sun yi fure ina za ki kai? Bana Nauruz ɗinki na fari ne babu shi. Baƙin kaya za ki sa ki zauna mutane su zo gaisuwa, dabino da shayi, shi ke nan. Gidan makoki da fure, so kike a yi da mu a unguwa?"

Akdas ta ci gaba da ba su ruwa. Amma ba a jima ba gindin tsiron ya yi laushi ya ruɓe, wasu ƙananan ƙwari kore suka lulluɓe bayan ganyen. Ɗaya bayan ɗaya suka kwanta. Garin neman gira ta rasa ido. Ranar da ta juye kasko na ƙarshe a lambun tsakar gida ta yi kukan da ba ta yi irinsa ba tun ranar jana'iza.

Da ta hau mayar da kasaken inda ta ɗauko su, sai ta hango ganye a bayan kwalabe. Kasko ɗaya ne, ƙarami, da ta manta. Ganyensa ya yi faɗi ya miƙe tsaye, ko alamar wahala babu.

Ta zauna a matakala, kasaken a cinyarta, tana kallonsa. Wannan da ba wanda ya kula da shi, me ya samu da sauran suka rasa? Ta taɓa ƙasar, da ɗan damshi kawai. Ta dubi tagar matakalar, haske yana shigowa amma rana ba ta dukansa. Ta hura iska ta ga tururin bakinta. Sai a lokacin ta gane ba dardumarta ce ta kori mijinta zuwa nan ba, furen ne ba ya son zafi. Har ta ɗan ji haushin cewa duk faɗan da ta sha yi bai kori kowa ba.

Daga ranar ta zama ɗaliba. Ba ta ba shi ruwa sai saman ƙasar ya fara bushewa. Idan sanyi ya yi tsanani takan janye shi daga jikin gilashi. Kullum sai ta ɗaga ganyen ta leƙa, in ta ga ƙwaro ta murje shi da yatsa. Da toho ya fito a tsakiya, curi guda, kowane kamar ƙwayar wake, sai haƙurinta ya gaza. Ta sa farce ta ɓare ɗaya. Ba ta ga komai ba sai wani abu fari-fari kore-kore, kuma washegari ya bushe. Ba ta ƙara ba.

Ranar Nauruz gida ya cika. Ismat ta kama ragamar shayi, baƙi suna shigowa suna cewa, "Allah ya sa wannan ne baƙin cikinki na ƙarshe." Akdas tana amsawa, amma hankalinta yana sama, don tun da safe tohon ya fara tsagewa. Da ta ga an shagala da hira sai ta sulale.

Mash Rajab tela, abokin marigayin tun na makaranta, ya zo bai tarar da ita ba. Shi kuwa ba zai tafi bai gaida mai makoki ba. Ya bi matakalar yana nishi, ya tsaya ƙasa da ita kaɗan.

"Hanum, mu muna ƙasa muna miki ta'aziyya, ke kina nan kina hira da tafarnuwa?"

Ta matsa gefe ya gani. Fure uku sun buɗe. Fari fat, bakin kowane ganyen furen shuɗi kamar an tsoma a baba, tsakiyar kuma baƙi-baƙi.

"Ga abin da ya ɓoye mini," in ji ta. "Kai dai na san yana gaya maka."

Mash Rajab ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ya gaya mini me? Ai shi ma bai sani ba."

"Kamar yaya bai sani ba? Ba shi ya shuka ba?"

"Irin da ka tsinta da hannunka ba ya bin uwarsa, Hanum. Ka shuka na ja ya ba ka shuɗi. Duk shekara sai mu yi musu a shagona, ya ce kaza zai fito, in ce kaza, kuma yawanci mu biyun mu sha ƙasa. Kunya ce ta hana shi ce miki bai sani ba." Ya ƙara matsowa. "Wannan kuwa, wallahi bai taɓa samun irinsa ba."

Akdas ta sake duban furen. Watanni tana fushi da mijinta don ya tafi da amsa, ashe da tambayar ya tafi. Tausayinsa ya cika ta.

Daga ƙasa muryar Ismat ta taso, "Akdas, baƙi fa suna jira."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta juya kaskon kaɗan don ɗaya ɓangaren ya sami haske.

"Ranar Alhamis zan kai masa maƙabarta ya gani."

"Rana za ta kwantar da shi kafin ki gama fatiha," in ji Mash Rajab.

"Na sani," ta ce. "Da sassafe zan je."