Ƙararrawar Manaja

Fiye da shekara goma ke nan Masinja yana miƙewa duk lokacin da ƙararrawar kan teburin Manaja ta kaɗa. A kan bencin bakin ƙofar nan ya yi rabin karatun digirinsa na ƙarshen mako, littafi a cinya, kunne a ofis. Ubansa ɗan dako ne, bai bar masa gadon komai ba sai haƙuri. Ana cewa ilimi tsani ne. Ba a dai cika faɗin wanda ke riƙe da ƙafar tsanin ba.

Da gurbin jami'in mulki ya samu a ofishin, ya nema. Ranar intabiyu matarsa ta miƙo masa riga da ɗumin guga.

"Baban yara, don Allah in ka shiga ka zauna kamar kowa. Ban da rusune-rusunen nan naka."

"To, Farfesa. Ke za a tambaya ko ni?"

Su biyu aka kira, shi da ɗan ƙanwar Akanta, wanda bana ya gama jami'a. Masinja ne ya jera kujerun ɗakin da safe. Yanzu ga shi a kan ɗaya, a ɗofane.

Ya amsa tambayar farko. Ya amsa ta biyu. Ana cikin ta uku Manaja ya kurɓi shayi ya ji ya huce, hannunsa ya kai kan ƙararrawa ko dubawa bai yi ba.

Masinja ya tsinci kansa a tsaye, hannuwa a baya.

"Ranka ya daɗe?"

Sai Akanta, da ke cikin masu yi masa intabiyun, ya fashe da dariya.

"Oh, hali zanen dutse! Kai ya yi digiri, ƙafa ba ta samu labari ba."

"Rabu da shi," in ji Manaja yana share ƙwallar dariya. "Tsakani da Allah, in ka hau sama wa zai riƙe mana ƙofar nan? Irinka wuyar samu gare su." Ya dubi kofin. "Tunda ma ka riga ka tashi..."

A kicin, yana jiran ruwa ya tafasa, ya ƙarasa amsar tambaya ta uku a zuciyarsa, tiryan-tiryan. Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce. Ya zuba mata ido har ta tsinke.

Da ya dawo da shayin, ɗan ƙanwar Akanta ne a kan kujerar, ƙafa ɗaya kan ɗaya, Manaja yana tambayarsa jikin mahaifiyarsa.

Saurayin ya waiwayo da fara'a.

"Baba, in da saura, ni ma a ɗan zubo min."