Akwatin Sauraro a Cikin Adudu

Zazzaɓi ne ya kwantar da Tabawa a gindin ɗurumi bayan azahar, ido na lumshewa, hankali na kan ɗan akwatin nan. Masu binciken daji suka ɗaura shi a kanyar bakin fadama, wai yana sauraron kukan tsuntsaye, yana auna zafi da raɓa. In ya ji gauraka, ba za a cike fadamar a yanka filaye ba. Ita suka bar wa amana. To, Tabawa fa ko allura ta ara sai ta mayar har da zare. Kayan mutane ta bari ruwa ya doka? Suna juya baya ta kwance shi, ta naɗe a zane, ta cusa a adudu.

Sai ga ta a fadama, ruwan ya koma sama, tarwaɗa na iyo cikin gajimare. Wani kwaɗo mai carbi ya tare ta.

"Iya, taho, ke ake jira."

Suka faɗa wani rami, ashe kunne ne. A ciki tsuntsaye sun yi sahu, baki buɗe. Duk kukan da suka yi sai ya zubo ƙasa kamar tsabar gero, ba mai tsincewa. Tabawa tana takawa yana ƙaras-ƙaras.

Kanya ta miƙo reshe, akwatin na bisa. Kwaɗo ya ce, "Malam, faɗi abin da ka ji."

Akwatin ya yi gyaran murya. Sai minshari. Sai tari. Sai muryar Tabawa tana zagin akuya, tana cin naman surukarta.

"Sai me?"

"Sai ɓera."

Ta nemi mayafi, mayafin ya zama ruwa ya tsiyaye. Gauraka ta tako a hankali, zankonta na ci da wuta.

"Mun yi ta kira, Iya. Ina kika kai kunnen?"

"Adana shi na yi, 'yar nan. Ko ƙura bai taɓa ba."

"Shi ya sa."

Yashi ya fara zuba daga sama, yana binne sahun ɗaya bayan ɗaya, da wata irin ƙara.

Firgigit ta farka. Babur ɗin masu binciken ne a ƙofar gida.

"Salamu alaikum, Iya! Mun je kanya, igiya kawai muka tarar."

Tabawa ta yunƙura ta tashi zaune.

"Yana ɗaki," ta ce. "Lafiyarsa lau."