Koren Jeli Mai Kifin Gwangwani

A sana'armu akwai bokiti. Duk wanda ya taɓa yin aikin abinci a inda ake ɗaukar shirin talabijin a garin Burbank na Amurka ya san shi. Ɗan ƙarami ne, ana ɓoye shi ƙarƙashin tebur inda kyamara ba ta gani. Ɗan wasa zai kai loma baki, ya tauna yana murmushi kamar an yi masa kyautar gida, darakta na cewa a tsaya sai ya sunkuya ya tofar. Ban ga laifinsu ba. Wanda zai maimaita loma ɗaya tun safe har yamma, in ya ce sai ya haɗiye duka, a motar asibiti zai koma gida. Amma ni Delfina Arriaga, abin da nake taƙama da shi a garin nan shi ne bokitina a bushe yake komawa. Ina yin loma 'yar ƙarama, mai daɗi, marar nauyi, sai ɗan wasa ya haɗiye bai ma sani ba.

Shirin da aka ɗauke ni a wannan karon labarin wata unguwar masu hali ne a shekarar 1958, kuma mutanen cikinsa ba su da aiki sai shirya liyafa. Abincin liyafar wancan zamani kuwa, Allah ya jiƙan waɗanda suka ci. Matan lokacin sun samu firji sabo fil, sai abin ya hau musu kai. Duk abin da suka kama a kicin sai sun kulle shi a cikin jeli, ya daskare yana rawa a faranti. Karas ya shiga, kabeji ya shiga, dafaffen ƙwai ma bai tsira ba. Ga burodi da ake shafe wa cuku a yi masa ado har ka rantse kek ɗin biki ne, ka yanka ka tarar da kifi. Ga abarba da ake soke wa tsinkaye masu zaitun ta koma kamar bushiya. Aikina ke nan: in dafa wannan ta'asa, in jera ta a tebur, ta yi kyau a ido.

Ina son aikin, kuma ina tsoron rasa shi. Na yi shekaru a tsaye a kicin ɗin gidajen abinci har gwiwoyina suka ce sun gaji, ba zan iya komawa can ba. Wadda ta riƙe wurin kafin ni sallamar ta aka yi, ranar da jelinta ya narke a ƙarƙashin fitilu ya gangara kan rigar jaruma. Ni gwaji aka ba ni na kashi ɗaya tak na shirin. In ya yi kyau in zauna har ƙarshen zango, in bai yi ba in kwashe tukwanena.

Fitowar da za a ɗauka ranar mai sauƙi ce a takarda. Amarya ta gayyaci maigidan mijinta na ofis liyafa, ta yi masa koren jeli na lemon tsami, a cikinsa kifin gwangwani da albasa da zaitun, an kwaɓa da mayonis. Za ta yanka masa, ya kai baki, ransa ya ɓaci, amma ya daure ya ce, "Madalla da wannan girki." Shi ke nan. Dariyar duk tana kan fuskarsa.

Na shirya kamar yadda na saba. Na gaskiyar guda ɗaya na yi, da kifinsa da albasarsa, domin shi kaɗai ke ba da wannan launi na ruwan kwata da kyamara ke so. Shi ne sarkin tebur, yana zaune a tsakiya don a gani, ba don a ci ba, kuma da an ce a tsaya nake rugawa da shi firji. Na ci kuwa daban na yi su, 'yan yanka-yanka a faranti: tuffa a madadin kifi, inabi a madadin zaitun, kirim mai zaƙi a madadin mayonis. A ido ba ka bambancewa. A baki kuwa ko jariri ya samu zai lashe cokali.

Mai fitowa a matsayin maigidan shi ne Mista Alden Halvorsen, dattijo dogo mai farin gashi, mutumin jihar Minnesota, wanda ya shekara hamsin yana fitowa a alƙali ko likita ko uban wani. Mutum ne mai ladabi har ya yi yawa. Ko ƙofa ya buge da kafaɗa sai ya ba ta haƙuri.

Aka ce a fara. Odette, yarinyar da ke fitowa a amarya, ta miƙa masa farantin. Ya ɗiba, ya kai baki, sai ya zare ido, ya kama maƙogwaro, ya karkace baki kamar wanda kunama ta harba.

"A tsaya!" in ji Corinne Whitlock, daraktarmu. Mace ce da ba ta faɗar mugun labari sai ta fara da yabo. "Alden, ya yi kyau ƙwarai. Amma guba aka ba ka? Rage kaɗan."

Ya rage. Wannan karon ya tauna, ya lumshe ido, ya ce madalla da wannan girki, kuma duk wanda ke wurin ya ga da gaske yake.

"Ya yi kyau. Sai dai yanzu kamar za ka nemi ƙari."

"To ai da daɗi, Corinne," ya ce. Ya waiwayo wajena. "Mis Arriaga, tuffa ce ko? Hannunki da albarka."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na leƙa ƙarƙashin tebur, bokiti a bushe.

Haka aka yi ta yi. In ya ƙara ya zama mai farfaɗiya, in ya rage ya zama mai tallar jeli. Rana ta yi nisa, fitilu suka gasa ɗakin, masu fitowa a baƙin liyafa suka fara jingina da bango cikin takalmansu masu tsini. Odette ta miƙa faranti har murmushinta ya ƙage. Farantaina kuwa suna ta ƙarewa, domin bawan Allahn nan bai tofar da ko loma ɗaya ba. Ga shi gobe da safe kafintoci za su rushe falon su gina ofis a wurin. In ba a samu fitowar yau ba, ba za a samu ba.

Corinne ta yafito ni bayan kyamara, ta sauke murya.

"Delfina, abincinki ba shi da na biyu."

Na san mugun labari na tafe.

"Shi ne matsalar. Mutumin nan ba zai iya ƙin abin da yake so ba. Na tsakiyar teburin nan, na gaskiya ne?"

"Na gaskiya ne, amma na kallo ne. Guda ɗaya ne, Corinne. In aka yanka shi babu wani, sabo kuma ba zai daskare ba sai gobe."

"Ana iya ci?"

"Ba zai kashe mutum ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

"To Odette ta yanka masa daga shi, a gaban kyamara. Kada ki gaya masa."

"Haba Corinne! Dattijo ne fa. Ni tunda nake ban taɓa sa wa mutum abin da zai tofar a baki ba."

"Yau sai ki fara," ta ce, ta dafa kafaɗata. "Ina son ki zauna da mu, kin sani. Amma in na koma wa masu shirin hannu rabbana, sunan wani za su tambaya, kuma ba nawa ba ne."

Na je firji raina a jagule. Na san yana cin kifi, don da rana na gan shi da burodi mai kifin gwangwani a hannu, saboda haka ba zan cutar da shi ba. Abin da zan kashe sunana ne. Na ɗauko sarkin tebur, yana rawa yana ƙyalli, zaitun suna leƙo ni daga ciki kamar idanuwa. Na ajiye shi, na gyara ganyen latas ɗin da ke kewaye da shi, sannan na sa ƙafa na tura bokitin kusa da kujerar Mista Halvorsen. Ya ga na yi, ya yi murmushi.

"Ba na buƙatarsa, Mis Arriaga."

"A bar shi dai kusa, Mista Halvorsen," na ce, ban iya kallon idonsa ba.

Aka ce a fara. Odette ta sa wuƙa, jelin ya yi wani ɗan kuka ya rabu. Warin albasa da kifi da lemon tsami ya taso, har mai riƙe da sandar makirfo ya kau da kai. Ta ɗora masa yanka mai kauri. Ya ɗiba da cokali, ya kai baki.

Sai ya tsaya cak.

Da farko abin da Corinne ke nema ne ya bayyana, ba ƙari ba ragi. Hancinsa ya motsa, gefen bakinsa ya yi ƙasa, maƙogwaronsa ya yi gardama. Na ga Corinne ta dunƙule hannu don murna. Saura ya ce madalla a tashi. Amma bai ce ba. Ya ci gaba da taunawa a hankali, yana kallon farantin, idanunsa suka kawo ruwa. Na ce a raina shi ke nan, na sa tsoho kuka da albasa, gobe ina gida. Ya haɗiye. Na ji ƙarar haɗiyar daga inda nake tsaye. Sannan ya sake sa cokali ya ɗibo wata lomar, wadda babu ita a takarda, ya ci, hawaye na bin kumatunsa.

Odette ta rikice, amma yarinyar akwai kai. Ta riƙe wuƙarta, ta ce da muryar amarya mai fargaba, "Yallaɓai, bai yi ba ne?"

Ya ɗago ya dube ta, fuskar nan a yamutse, rabi azaba rabi wani abu daban. Ya ce, "Madalla da wannan girki, 'yata."

Corinne ta manta da aikinta, sai da mai kyamara ya taɓa ta sannan ta ce a tsaya. Wani ya fashe da dariya daga baya, wata a cikin baƙin liyafa tana share ido da safar hannunta, kowa ya rasa wanne ya kamata. Corinne ta kalli abin a ƙaramin allo, ta sake kallo, ta cire abin sauraro daga kunnenta ta ce, "Mun samu. A kwashe." Ko yabo ba ta fara da shi ba, abin da ya tabbatar mini labarin mai daɗi ne. Da ta zo wucewa ta gabana ta ce, "Litinin akwai liyafar Kirsimeti. Ki zo da jan jeli."

Na samu aiki ke nan. Amma ƙafafuna ba su kai ni kicin ba, wajen tsohon suka kai ni. Yana zaune shi kaɗai a teburin, ana kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya, mai kwalliya ta ba shi tawul ta tafi.

"Mista Halvorsen, ka yafe ni. Da sanina aka yi."

"Zauna, Mis Arriaga." Ya nuna farantin da cokali. "Wa ya koya miki wannan?"

"A wani tsohon littafin girki na matan coci na gani. Ban canza komai ba."

"Na ji ai. Ko albasar ba ki rage ba." Ya yi 'yar dariya, ya share hanci. "Kin san abin nan ba shi da daɗi ko kaɗan?"

"Na sani."

"A'a, ba ki sani ba. Ni na sani. Mahaifiyata ke yin sa. Ina ɗan shekara shida ta yi shi ranar zagayowar haihuwata, ta tsaya a kaina da rigar girkinta tana jira. Na ce mata da daɗi. Ƙaryar da na fara yi ke nan a duniya, kuma ita ta fi kowace tsada, don tun daga ranar duk shekara sai ta yi mini. Ta gaya wa matan coci kaf cewa Alden ba shi da abin so kamar koren jeli. Na tafi jami'a, na dawo hutu, yana jira na. Na yi aure, ta koya wa matata, Allah ya taimake ni matata ta ƙi."

"To ya kake yi da shi?"

"Akwai wata tukunyar fure kusa da kujerata. In ta juya baya sai in tofa a ciki. Furanni nawa suka mutu a gurbin nan, ita kuma tana ta zargin taga, wai iska ke shigowa." Ya juya cokalin a hannunsa. "Shekararta ta ƙarshe hannunta na rawa, ba ta ko iya buɗe gwangwani, maƙwabciya ta buɗe mata. Ta yi shi duk da haka, ya karkace gefe guda. Ta zauna tana kallona. Da ta tashi ɗauko shayi, na juya wajen tukunyar, kamar kullum."

Na dubi bokitin da ke gefen ƙafarsa.

"Ɗazu da ya shiga bakina, sai da na waiga neman tukunyar," ya ce. "Na tuna kin ajiye mini bokiti. Sai na ce a'a, Alden, ka girma."

Masu kwashe kaya suka iso, ɗaya ya kama gefen teburin yana jiran mu tashi. Na miƙa hannu zan ɗauke abin da ya rage na jelin, wanda zafi ya fara kwantar da shi gefe guda. Tsohon ya dafe farantin.

"Ina za ki kai shi?"

"Shara, Mista Halvorsen. Ya sha fitila."

"Zai kashe ni?"

"In ka ci yanzu, a'a."

"To ba ni cokali mai girma. Wannan na 'yan gayu ne."

Na kawo masa cokalin miya. Ma'aikatan suka ɗauke kujeru, suka naɗe labule, suka cire hoton bango, suka bar mana teburin da kujera biyu a tsakiyar fili. Yana ci yana yamutsa fuska, yana ci yana cewa kai, wannan abu da muni yake. Na ce ya bari haka, ya ce saura kaɗan. Da ya gama ya kife cokalin, ya goge baki, ya miƙe da ƙyar, ya ce mini na gode kamar na yi masa wani babban abu.

Na sunkuya na jawo bokitin daga ƙarƙashin tebur. A bushe yake.