Kifin da Bokhi Ta Nema

Mai shagon ya zube kayan a kan kanta kamar mai haɗa wa yaro kayan makaranta: 'yar sandar fatsa, zare mai ƙananan ƙugiyoyi a jere, dalma, matsamin kwashe ƙanƙara, kujera 'yar tsugunno, almakashi, da tsutsa a leda.

"Almakashin kuma na mene ne?" in ji Mansok.

"Kawu, ka taɓa hawa ƙanƙarar tafki kamun kifi kuwa?"

"Da bas dai na hau ta. A tuƙin bas a hanyar garin Inje na tsufa."

"To kifi ba fasinja ba ne, ba ya jira a tasha. In ka soke tsutsar ka datse mata gindi, ruwan jikinta ne ke kiransa."

Mansok bai ji rabin bayanin ba, hankalinsa na asibiti. Matarsa Bokhi ta kwana biyu abinci bai wuce maƙogwaronta ba. Likita ya ce in yau ma ba ta ci ba, da yamma za a zura mata roba ta hanci, kuma bai faɗi ranar cirewa ba. 'Yarsu Miran ta kawo kunun shinkafa, ta kawo romon ƙashi, duk Bokhi ta kau da kai. Sai da safen nan ta buɗe ido ta ce kifin ƙanƙara take so, irin wanda babanta ke kamowa tana yarinya, da ransa, a tsoma shi a yaji mai tsami.

"Kada ka sayo na kasuwa, Baban Miran," ta ce. "Warin bokiti yake. Zan gane."

Shi kuwa tunda suka yi aure bai taɓa iya kai wannan abu bakinsa ba. Abu yana motsi a ce ka tauna shi! Amma yau ko kada ta ce ya kamo mata, ruwan zai shiga.

A kan tafkin da sanyi ya daskarar ya huda rami da ƙarfen da mai shago ya ba shi aro, ya yi gumi sharkaf, gumin ya daskare masa a baya. Da safar hannu ba ya iya kama ƙugiya, ba safa kuma yatsun ba sa lanƙwasuwa. Ƙugiya ɗaya ta kama hannun rigarsa, ɗaya ta shige babban yatsansa. Da ya waiwayi tsutsar da ya ajiye a gefensa, ta sandare kamar ɗanyar shinkafa.

Wata tsohuwa da ke ramin kusa ta leƙo daga cikin bargonta.

"Kai bawan Allah, a kan ƙanƙara ka ajiye tsutsa? A cikin riga ake sa ta, kusa da ƙirji. Matarka ba ta koya maka komai ba?"

"Tana asibiti, Iya. Ita za ni kai wa."

Tsohuwar ta karkato masa bokitinta ya gani, ba komai sai ruwa.

"Na safe jikokina sun tafi da su. Ka makara, ɗan nan. Tun hantsi kifin ya sauka ƙasa, ba ya dawowa sai rana ta karkata."

Ta zura hannu cikin rigarta ta ɗebo masa tsutsa mai ɗumi, ta soke masa da kanta, ta datse da almakashinsa. Iyakar abin da za ta iya ke nan.

Mansok ya zauna. Bakin ramin na daskarewa yana kwashewa da matsami, yana sake daskarewa. Mutumin da ya saba in ya makara ya taka totur, yau ba abin takawa. Wayarsa ta yi ta kuka a aljihu, ya san Miran ce, ya kasa ɗauka. Ya tsura wa baƙin ruwan ido yana roƙon kifi a zuci, yana jin kunyar kansa, yana jin tsoro.

Sai da inuwar dutse ta rufe rabin tafkin kan sandar ya yi rawa.

"Ja a hankali!" tsohuwar ta daka masa tsawa. "Ba akuya ka ɗauro ba!"

Guda uku ne, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Ya zuba su a gorar ruwansa, ya bar kujera da matsami da komai a nan, ya ruga yana zamewa. A cikin bas ya rungume gorar, yana zagin direban a ransa duk tashar da ya tsaya.

Miran ce ta tare shi a ƙofar ɗaki, idonta jawur.

"Baba, ina ka shiga? Likitoci sun jira har suka gaji."

Robar na hancin Bokhi, an manne ta da filasta a kumatu. A saman gadon an rataye allo: kada a ba ta komai ta baki. Mansok ya tsaya da gora a hannu, bai san inda zai ajiye ta ba.

"Kawo in gani," in ji Bokhi, muryarta a dashe.

Ya buɗe gorar ya kai mata hanci. Ta lumshe ido.

"Ƙamshin kokwamba. Na tafki ne." Ta dubi yatsansa mai jini. "Miran, ɗauko yajin nan a durowa. Babanki zai ci."

"Ni?"

"A gabana. In ji ƙarar."

Ya kama ɗaya ta wutsiya ya tsoma. Kifin ya yi fatal-fatal, ya fesa jan yaji a kan farin zanen gado. Mansok ya rufe ido ya tauna, hawaye na bin kumatunsa, ya haɗiye da ƙyar.

"Yaya?" ta ce.

"Da daɗi."

"Ƙarya kake, Baban Miran." Bakinta na motsi a hankali kamar ita ke taunar. "Ci na biyun."