Dabinon Ƙuba a Kan Lambar Mota

Shittu mai rubuta allunan shaguna ne a unguwar Anbariyya ta Madina. Kakansa ya zo aikin hajji a ƙafa daga Damagaram, bai koma ba. Shi kuwa a Madina aka haife shi, a nan ya koyi riƙe buroshi, kuma rabin shagunan layinsu da hannunsa aka rubuta sunayensu. Bayan la'asar yakan rufe shago ya tafi unguwar Ranuna, inda shi da wasu abokansa masu zane suka kama ɗaki suna koya wa duk mai so. Ɗakin na maza ne. Saboda haka 'yarsa Nadiya, wadda ta fi duk ɗalibansa hannu, a saman benen gidansu ya koya mata, tsakanin igiyoyin shanya.

A 1997 mijinta Saif ya samu gurbin karatu a Amurka, suka tafi tare. Aka ce shekara biyu za su yi.

Wata rana wani mai zuwa umra ya kawo musu hotonta. Tana tsaye da abaya a bayan wata tsohuwar mota, tana kare rana da hannu. Mahaifiyarta Ƙaltume ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ta rame." Shittu ya karɓa ya matso da shi kusa da ido. Bayan fuskar 'yarsa, abin da ya tsaya masa shi ne lambar motar: ba fara ce zalla irin tasu ba, an yi mata zane mai launi a bayan haruffan.

Ran Juma'a suka je kabinar tarho. Da Ƙaltume ta gama tambayar abin da take ci, ya karɓi kan wayar.

"Yarinyata, wa ya zana muku lambar motar nan?"

Nadiya ta yi dariya. Kamar kullum, rabin maganarta Larabci. "Abuya, saya ake yi. Duk mai so ya ƙara kuɗi a ba shi mai zane. Abin da ya ƙara ɗin, hukumar masu zane ta gwamnati ake ba. Da shi suke biyan malamar da ke koyar da zane a unguwarmu. Wallahi ni ma ina zuwa ajinta. Ta ga hannuna ta ce wa ya koya miki, na ce babana."

"Mata ma suna zuwa?"

"Mu ne ma muka fi yawa."



A lokacin ɗakin Ranuna na tangal-tangal. Attajirin da ke biya musu haya ya rasu, 'ya'yansa kuma zane bai dame su ba. Shittu ya riƙa tsayawa a ƙofar shagonsa yana kallon motoci suna wucewa, na 'yan gari da na masu ziyara, kowace da farar lamba. Ya riƙa ayyanawa a ransa: da za a ce ko kaɗan daga cikin waɗannan sun saya, ai da an gina gida guda na masu zane, da ɓangaren maza da na mata. In Nadiya ta dawo, ba sai ta koma tsakanin igiyoyin shanya ba.

Ya yanko gwangwani daidai girman lambar mota. Ya zana dabinon gonakin Ƙuba a gefe ɗaya, ya sa jan dutsen Uhudu can nesa, ya bar tsakiya da haske don haruffa su fito. Bai gamsu da koren ba, ya goge ya sake. Ƙaltume ta same shi a kai ta ce, "Abu Nadiya, wannan aikin wa ya ba ka?"

"Ba kowa."

Maƙwabcinsu Musaddiq, mutumin Zariya da ke koyarwa a jami'ar Musulunci, shi ya zuba masa shawarar sayar da lamba mai zane a Larabcin ofis. Yana rubutu yana girgiza kai. "Malam Shittu, abin ya yi kyau. Amma ka san lamba ba ta gari ɗaya ba ce, ta ƙasa ce gaba ɗaya."

"Ustaz, rubuta dai. In ban kai ba, zai tsaya min a wuya."

Suka je ofishin masu ba da lambar mota tare. Jami'in da ya karɓe su dattijo ne mai fara'a. Ya sa aka kawo gahawa da dabino, ya juya gwangwanin a hannunsa, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Sannan ya faɗa wa Shittu gaskiya: irin wannan ba a teburinsa ake yanke ta ba, zai dai tura sama, kuma kada ya sa rai da wuri. Da za su fita jami'in ya ce ko zai bar masa zanen ya rataye. Shittu ya bar masa.

Amsa ba ta zo ba. Kafin shekara ta zagayo suka kwashe allunansu daga Ranuna, aka mai da ɗakin wurin sayar da wayar salula. Ɗaliban suka watse. Biyu daga cikinsu sukan leƙo shagon Anbariyya, ya ba su kujera da fensir a bayan kanta.

Saif ya gama karatu, sai ya samu aiki a can. Nadiya ce ta faɗa wa mahaifinta, tana tsakanin murna da tsoron abin da zai ce. Ta ce kuma hukumar nan ta ba ta bangon wani ɗakin karatu ta yi wa zane, bango guda, ita kaɗai.

"Me za ki zana?"

"Ƙofar gidanmu. Na manta ko mariƙinta a dama yake ko a hagu."

"A hagu," ya ce. "Kuma shuɗin ba mai duhu ba ne, rana ta cinye shi."

"Abuya, ka yi fushi?"

"A'a. Ki rage ruwa a fenti, kin san halinki."

Da ya ajiye wayar, Ƙaltume ta dube shi. "Ba ka tambaye ta yaushe za su dawo ba."

"Ta faɗa ai."

Da cikin Nadiya ya tsufa, aka aiko musu da takardun tafiya su biyu. Ƙaltume ta yi ta shiri, ta haɗa dabinon ajwa da busasshen ganyen na'ana'a da turaren wuta. Shittu ya ce ba zai iya rufe shago ba, ga aikin mutane a hannunsa. Ta san ba shago ba ne. Tsoro yake ya je ya ga 'yarsa ta zauna daram a can, ya ga da idonsa cewa ba abin da ta rasa. Ba ta matsa masa ba.

Shi ya kai ta filin jirgi da hantsi. Ya ɗaukar mata jaka har inda ake tsayar da masu rakiya.

"Me zan ce mata?" in ji Ƙaltume.

Ya yi tunani. "Ki tsaya a gaban bangon nan ki duba min da kyau. In kin dawo ki faɗa min komai, kada ki rage."

Ta shige cikin mutane. Ya koma mota ya zauna, bai tayar ba, gilashi a sauke, zafi na shigowa. Sai da ya ga wani jirgi ya ɗaga ya yi arewa, bai ma san ko nata ba ne, sannan ya murza makulli ya kama hanyar gari.