Kwakwar da Isko Ya Kai Coci

Guguwar teku ta bara ta kwashe gidanmu, ta sare kawunan bishiyoyin kwakwa arba'in da mijina Isko ya gada, ta bar su tsaye kamar turaku. Da Lahadin Dabino ta matso, kaf ƙauyenmu babu ganyen kwakwar da za a saƙa a kai coci, sai wanda aka kawo daga tsibirin Cebu da tsadar tsiya.

Ranar Lahadin da safe Isko ya fito daga bayan tantinmu rungume da wata kwakwa da ta tsiro a ƙarƙashin tarkacen madafa, ganye biyu kore shar.

Na ce, "Yanko ganyen mu tafi."

Ya ce, "Abin da ya sha ruwan teku bai mutu ba, ni zan kashe?"

Na ce, "To ɗan fari ne, sai ka goya shi."

Haka ya shiga coci da ita. Maƙwabciyarmu Mana Consing ta leƙo ta ce, "Isko, miya za a yi mana?" Kunya kamar in nutse. Da Fada, limamin cocin, ya zo yayyafa ruwan albarka, kowa yana kaɗa ganyensa, shi kuwa ya ɗaga kwakwarsa da hannu biyu. Fada ya yi dariya, ya jiƙa ta sharkaf.

Da yamma muka dasa ta inda ƙofarmu take a da. Na tuna masa sai ta shekara bakwai za ta yi 'ya'ya, mu kuma mun haura sittin.

Ya ce, "Wanda ya tsirar da ita ya san shekarunmu, Pilar. Ke dai kawo ruwa."

Na kawo. Ganyen Mana Consing ya bushe tun kafin bikin Ista. Namu yau guda shida ne.