Motar Baba Direba

Mai guga yana tsaye a tsakiyar layi da igiya a hannu, gumi na tsiyayo masa tun ƙarfe bakwai da rabi na safe, yara tara sun kewaye shi kowa da abin da ya dame shi. Tagwayen mai kanti suna kokawa a kan ƙulli ɗaya. Ɗiyar nas ta cire takalmi tana nuna masa tsakuwar da ta shiga ciki. Wani ɗan lukuti kuwa ya daɗe da fara kuka, har hanci ya shigo taya ido aiki. Ta goman, wadda ake kira 'Yar Kaka, tana zaune a dokin ƙofar gidansu da jakarta a cinya, ta kafe kamar an dasa ta.

"Taso mana, 'yan mata," in ji shi, karo na huɗu. "Ga wurinki nan na ajiye miki."

Ko kallonsa ba ta yi ba.

Igiyar ba tasa ba ce. Ta maƙwabcinsa ce, tsohon da kowa a layin ke kira Baba Direba, wanda ya shekara talatin da wani abu yana tuƙa babbar motar haya kafin ido ya ce masa ya isa haka. Da ya ajiye aiki, zama ya gagare shi. Ya ga iyaye na fita nema tun sassafe, makarantar ƙananan yara kuma tana tsallaken babban titi, titin da ba ya raga wa babba balle ɗan shekara uku. Sai ya samo igiyar shanya mai kauri ya yi mata ƙulli-ƙulli, kowane yaro ya riƙe ɗaya, shi yana gaba yana hon da baki. Shekara shida ke nan yana kai su da safe, ya ɗauko su da rana. Motarsa ce, kuma duk wanda ya kira ta igiya a gabansa sai ya sha bayani.

Wata safiya ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. 'Yarsa ta kai shi asibiti, aka riƙe shi mako guda, aka sallamo shi da jakar magani da irin kallon nan da likita ke yi wa dangi in ba ya son faɗin abin da ya gani. Mai guga, wanda shagonsa ke manne da ɗakin tsohon, ya shiga dubiya, ya yi subutar bakin cewa in akwai abin da zai iya yi a faɗa masa. Tsohon bai bari maganar ta faɗi ƙasa ba. Ya ɗaga yatsa ya nuna masa igiyar a jikin ƙusa.

Shi mai guga mutum ne mai son abu a miƙe. Karin wando in ya karkace ba ya iya barci. Nasa yaran sun girma sun bar gida, kuma in za a faɗi gaskiya, uwarsu ce ta yi wahalarsu. Don haka ranar Litinin ya jera 'yan makarantar bisa tsawo, gajere a gaba, dogo a baya, ya ja su kamar mai jan akuyoyi zuwa kasuwa. Tara sun isa, da kuka da jan majina. 'Yar Kaka ba ta motsa ba, ranar Talata ma haka.

Ranar Laraba, a ƙofar makaranta, Malama ta ja shi gefe. Ta ce gurbin yarinyar na kyauta ne, irin wanda ake ware wa yaran da gidansu ke cikin wani hali, kuma masu jiran irinsa sun fi a ƙirga. Dokar ita ce duk wanda ya yi fashin kwana goma a jere ba tare da ciwo ba, a ba wani gurbinsa. Yau kwana takwas ke nan. Ta ce ba ita ta sa dokar ba, ba kuma ita za ta iya cire ta ba, abin da ya fi yi mata ciwo shi ne watan jiya-jiyan nan yarinyar ta fara yarda ta zauna a tabarma ɗaya da sauran yara.

Mai guga ya san labarin, kamar kowa a layin. Uwar yarinyar ta rasu bara, uban yana aiki can nesa, sai kakar da gwiwa ta hana ta tsallake ko da kwata. Tun rasuwar uwar, yarinyar ta daina magana. In ba makaranta, wuni take yi a bayan ƙyaure tana murza bakin rigarta. Ya dawo shago ya ƙone kwalar wata riga fara, abin da rabonsa da yi tun yana koyon aiki.

Da la'asar ya shiga wurin Baba Direba. Tsohon yana kishingiɗe a kan filo biyu, ya rame har agogon hannunsa na zamewa zuwa gwiwar hannu, tagar da ke kallon layi a buɗe. Ashe duk abin da ake yi yana ji.

"Na ji motarka," ya ce. "Ba giya, ba birki, direba sai tsawa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, 'yarsa ta leƙo ta harari mai guga kamar shi ya kawo tarin. Da numfashi ya dawo, ya tambayi yadda aka zaunar da fasinjoji. Jin cewa bisa tsawo ne, sai ya rufe ido kamar wanda aka taka wa ciwo. Ya ce tagwaye ba a haɗa su kujera, ɗaya gaba ɗaya baya. Ɗan lukuti kusa da direba yake zama, don yana tsoron karen mai walda, in ya ga ƙafar babba a gefensa ba ya kuka. Ɗiyar nas a ɓangaren bango ake sa ta, saboda duk abin da ya ƙyalla a titi sai ta bi shi. Gudu kuma, ƙafar da ta fi kowace gajarta ita ke yanke shi.

"To ita 'Yar Kaka fa, Baba? Na roƙa, na lallasa, har alewa na nuna mata."

"Wa ya ce maka fasinja ce?"

Mai guga ya ɗago ya dube shi.

"Kwandasta ce," in ji tsohon.

Ya ce shi ma da farko mako biyu ya yi yana kiranta a banza. Wata rana ya lura leɓenta na motsi duk lokacin da yara suka kama igiya, ashe ƙirga su take yi. Washegari sai ya jera kowa, ya tsaya, ya faɗa da ƙarfi cewa mota ba za ta tashi ba tunda babu kwandasta. Suka yi ta tsayuwa. Can sai ta taso ta taɓa kan kowane yaro ɗaya bayan ɗaya, ta je ta bubbuga ƙofar gidansu sau biyu, ta kama wutsiyar igiyar. Tun daga ranar haka ake yi.

"Kada ka kira ta," ya ce. "Kowa kiranta yake yi. Zo ki ci, zo ki yi wanka, zo ki gaida baƙo. Kai ka tsaya kawai, ta ga ba ka da yadda za ka yi sai da ita."

"In ba ta taso ba fa?"

"Sai ku makara. Ka taɓa jin an kori ɗan shekara huɗu don ya makara?"

Ranar Alhamis mai guga ya jera su yadda aka ce, ya sanar da iska cewa babu kwandasta, ya tsaya. Tsayuwa ba aiki ba ce mai sauƙi ga mutumin da gawayinsa ke ci a banza a cikin dutsen guga. Mai kanti ya leƙo ya tambaye shi ko mai ne ya ƙare. Minti biyar, minti goma. Bakinsa har ƙaiƙayi yake ya ce taso mana, ya danne. Sai ga wani sauti daga tagar Baba Direba, siriri, a shaƙe, amma ba wanda bai gane shi ba. Hon ne. Yarinyar ta ɗaga kai, ta rataya jaka, ta bi kawunan nan tara da tafin hannunta, ta bubbuga ƙofa sau biyu.

Da Malama ta hango ta a wutsiyar igiya, sai ta ɗora hannu a ƙirji. Mai guga ya dawo yana waƙa a hanya, shi da ko a biki ba a taɓa jin muryarsa ba.

Makonni uku da suka biyo baya sun yi daɗi, kuma duk layin ya san sun yi daɗi. Da safe tsohon yana hon daga gado. Da rana motar na tsayawa a ƙarƙashin tagarsa, kowa ya ɗaga abin da ya zana a gani, shi kuma ya yaba har da wanda ba a san sama da ƙasansa ba. Mai guga ya koyi ɗaure igiyar takalmi a tsugune, ya koyi yawo da ƙyalle a aljihu saboda hanci. Da yamma yakan kai wa tsohon rahoto kamar yaron mota, wa ya faɗi, wa ya yi sabuwar kalma, wa ya ciji wa. Baba Direba yana saurare ido a lumshe, abinci kuwa cokali biyu ne ya ce ya ƙoshi. Ya ce shi bai taɓa jin daɗin hutu irin wannan ba, mota na tafiya shi yana kwance.

Abu ɗaya ne ke cin mai guga a rai. Ya san ba don shi yarinyar ke tasowa ba, don hon ɗin nan ne, hon ɗin kuma kullum ƙara sirancewa yake. Tsohon ma ya sani. Ya sa shi ya gwada yi a gabansa, mai guga ya leƙa waje ya tabbatar ba kowa, ya yi wani abu mai kama da kukan agwagwa. Baba Direba ya ce ya ji motoci da yawa a rayuwarsa, amma wannan ko kyauta aka ba shi ba zai karɓa ba.

Ranar Asabar da hantsi 'yarsa ta yi masa aski, ya sha shayi rabin kofi, ya ce a ƙara buɗe tagar. Ta fita shanya, ta dawo ta same shi kamar mai barci, rediyo na magana a gefen filo. Layin ya cika da mutane har ba wurin aje ƙafa, cikinsu har da 'yan makarantar gaba da firamare waɗanda suka taɓa riƙe ƙullin nan. Mai guga ya yi kuka, bai kuma ɓoye ba.

Ranar Litinin Kaka ta dogaro sanda ta same shi yana warware igiya. Ta ce ta faɗa wa yarinyar gaskiya, ba ta ce mata tafiya Baba Direba ya yi ba, don an taɓa ce mata haka game da uwarta ta yi wata uku tana gadin ƙofa. Ta ce tun jiya ba ta ci abin kirki ba, ko a bar ta yau.

"A bar ta, Kaka," ya ce. "Mu dai za mu tsaya."

Ya jera tara, kowa a kujerarsa. Yarinyar tana dokin ƙofa, ba jaka. Tagar Baba Direba a rufe. Yau ko tagwaye ba su yi faɗa ba. Da tsayuwa ta yi tsawo ya daure ya yi hon ɗinsa na agwagwa, muryar ta karye a tsakiya, ba wanda ya yi dariya.

Ta miƙe, amma ba wurinsu ta nufa ba. Ta wuce su ta je ƙarƙashin tagar ta yi ɗage, yatsunta ba su kai ba. Ta daɗe a nan tana kallon katakon. Mai guga ya riƙe bakinsa. Sannan ta juya ta shige gida, ya ce a ransa shi ke nan.

Sai ga ta da jaka. Ta bi kawuna ɗaya bayan ɗaya har tara, ta zo gabansa ta tsaya, ta miƙa hannu sama. Bai gane ba. Ta ƙara miƙawa. A nan ya tuna yadda yakan hango tsohon daga shago kullum yana sunkuyawa kafin su tashi, shi kuma yana zaton takalmi yake gyarawa. Ya durƙusa. Ta ɗora ɗan tafinta mai sanyi a kan furfurarsa, ta je ta bubbuga ƙofa sau biyu.

Sun makara da kusan rabin awa. Da ya miƙa su bai juya nan da nan ba, ya tsaya a jikin tagar ajin yana naɗe igiya a hannu. Malama ta ɗauko waƙar wanke hannu, yara suna tafi kowa da nasa lokacin. 'Yar Kaka tana bakin tabarma, gwiwarta na taɓa ta ɗan lukuti, leɓenta na bin waƙar a hankali.